Diragon Ba Shi Ne Sarki Ba: Martani Ga Mai Jera Nau'o'in Pokémon

Wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da rubutu kwanan baya inda ya jera nau'o'in dodannin wasan Pokémon guda 18, daga wanda ya kira mafi ƙarfi zuwa wanda ya kira mafi rauni. Diragon ya ɗora a kan gaba, Wuta na biye, sai Ƙwaƙwalwa. Ya ajiye Ƙarfe da Feyari da Ruwa a tsakiya, ya tura Ƙanƙara da Ƙwaro da Gama-gari wutsiyar layi. Hujjarsa biyu ce: duk dodon da ake shakka a wasan Diragon ne, kuma nau'in da harinsa ba ya ninka illa a kan kowa, wato Gama-gari, ba abin da zai tsinana. Da rubutun ya tsaya inda aka buga shi, da ban tanka ba. To amma ya shiga wayoyin yaran shaguna a nan Kantin Kwari, ya tsallaka Sabon Gari wajen masu shagunan gem da masu gyaran waya, har na fara ganin yara suna gina tawaga a kansa. Malam, da dukkan girmamawa, wanda ya bi jerin nan naka zai sha kashi.

Mu masu buga wannan wasa a Kano ba mu da yawa, gem ɗin ƙwallo da na harbe-harbe sun kwashe yawancin matasa, don haka bari in ɗan shimfiɗa wa sauran masu karatu. Kamfanin Game Freak na Japan ne ya ƙirƙiro wasan, Nintendo ta fitar da shi a 1996, kuma yanzu dodannin sun haura 1,000. Kowane dodo yana da nau'i ɗaya ko biyu, kowane hari ma yana da nasa. Idan hari ya faɗa wa nau'in da yake lagonsa, illar na ninkawa sau biyu, idan kuma duka nau'o'in dodon biyu suna da wannan lagon sai ta ninka sau huɗu. Wani nau'in yana shanye rabin illar, wani kuma harin ba ya cinsa ko kaɗan. Dodon da ya yi hari irin nau'insa yana samun ƙarin rabi a kai. Ɗan wasa yana zuwa da dodanni shida, kowanne da dabaru huɗu, kuma yana da damar janye wanda ke fage ya tura wani. Wannan janyewar ita ce zuciyar wasan, ita ce kuma Malam bai ambata ko sau ɗaya ba.

Mu fara da ma'aunin da shi da kansa ya zaɓa. Ya kori Gama-gari saboda ba ya ninka illa a kan kowa. To harin Diragon a kan nau'i nawa yake ninkawa? Ɗaya tak, shi ne Diragon ɗan'uwansa. Nau'in Ƙasa yana ninkawa a kan biyar: Wuta, Lantarki, Guba, Dutse da Ƙarfe. Dambe ma biyar yake ci. In da wannan ma'aunin za a bi tsakani da Allah, Diragon taki ɗaya kawai ya fi Gama-gari, kusa da wutsiya ya kamata a same shi. Ba a auna na sama da mudu ɗaya a auna na ƙarshe da wani.

Abin da ya ruɗi Malam shi ne jiki. Dragonite, Salamence, Garchomp, Hydreigon da Dragapult duk jimillar makin jikinsu 600 ce, wato ƙarfi da gudu da juriya in an haɗa. Butterfree, malam-buɗe-littafin da ake samu tun a farkon tafiya, 395 gare shi. Masu ƙera wasan ne suka tsara haka da gangan: ƙwari su zo da wuri su girma da wuri don su taimaki sabon ɗan wasa, manyan Diragon kuma sai an sha wahala a ƙarshen tafiya. Wanda ya gwama Garchomp da Butterfree ya ce ya auna nau'i, jiki ya auna. Tyranitar da Metagross su ma 600 gare su, ba ɗigon Diragon a jininsu, kuma sun daɗe suna firgita mutane a gasa. Ga Druddigon nan, Diragon tsantsa mai maki 485, ba wanda ke rasa barci saboda shi.

Tarihin wasan ma bai goyi bayan jerin ba. A 1996 nau'o'i 15 ne, Diragon kuwa gida ɗaya ne, na Dratini da Dragonair da Dragonite, kuma harin Diragon guda ɗaya tilo da ke akwai, Dragon Rage, maki 40 yake cirewa ko wa ya samu, ba ninki ba ragi. Sarautar wancan zamani ta Ƙwaƙwalwa ce. An so Fatalwa ta zama lagonta, sai kuskuren da ke cikin wasan ya sa harin Fatalwa ba ya cinta sam, Fatalwoyin da ke akwai kuma, gidan Gengar, duk suna ɗauke da Guba wadda Ƙwaƙwalwa ke ninka wa illa. Ƙwaro kaɗai ya rage, shi kuma hare-harensa na lokacin ba su da nauyi. Alakazam da Mewtwo suka yi ta cin karensu babu babbaka, sai a 1999 da wasannin Gold da Silver suka kawo Duhu, wanda Ƙwaƙwalwa ba ta cinsa, da Ƙarfe, wanda ke shanye rabinta. Tun daga nan ba ta sake komawa kan kujera ba, amma Malam ya ba ta na uku a yau. Wani abin kuma, duk wanda ya taɓa buga gasar wancan tsohon zubi ya san dodanni uku da kusan kowace tawaga ke ɗauka: Tauros, Snorlax da Chansey. Ukun nan Gama-gari ne tsantsa.

Diragon ya yi zamaninsa, ba na musu. Daga 2006, da wasannin Diamond da Pearl suka ɗaga harin Outrage zuwa ƙarfi 120 suka kuma kawo harin Draco Meteor, har zuwa 2013, Ƙarfe ne kaɗai ke iya shanye harinsa. Kana iya danna hari ɗaya ido rufe, kusan duk wanda aka turo maka zai ji a jikinsa. A wannan zamanin ne aka kori Garchomp da Salamence daga rukunin gasa na yau da kullum saboda sun fi ƙarfin fagen. Sai wasannin X da Y suka fito a Oktoban 2013 da nau'in Feyari, wanda harin Diragon ba ya taɓa shi kwata-kwata, shi kuma yana ninka wa Diragon illa. Jerin Malam, in aka duba shi da kyau, hoton shekarar 2010 ne aka manna wa kwanan watan bana.

Inda na fi son mu tsaya shi ne Ƙanƙara, domin a nan ne za a ga cewa tambayar "wane nau'i ya fi ƙarfi" tambayoyi biyu ce aka cusa cikin ɗaya. Akwai ƙarfin nau'i in kai ke dukan wani da shi, akwai ƙarfinsa in kai ke sanye da shi ana dukanka. A wajen shan duka, Ƙanƙara ba ta da na biyu a rauni: kanta kawai take shanyewa, alhali Wuta da Dambe da Dutse da Ƙarfe duk suna ninka mata. A wajen duka kuwa tana cikin na gaba-gaba, domin tana cin Ciyawa da Ƙasa da Fiffike da Diragon, kuma manyan da Malam ke yabo su ne suka fi tsoronta. Garchomp Diragon ne da Ƙasa, Dragonite da Salamence Diragon ne da Fiffike, dukansu ninki huɗu suke sha. Shi ya sa gwanaye suka daɗe suna yin wata dabara: sai su ɗauki dodon Ruwa, wanda lagonsa biyu ne kawai, Ciyawa da Lantarki, su koya masa harin Ice Beam. Sun sami makamin Ƙanƙara ba tare da sun ɗauki rauninta ba. To a wane mataki za a ajiye Ƙanƙara? Harinta na cikin tawagogi da yawa, jikinta kuma ana gudunsa. Lamba ɗaya a jere ba za ta iya ɗaukar wannan bayani ba, kuma yaron da aka ce wa Ƙanƙara ta 16 ce ba zai san ya kamata ya sa harinta a aljihu ba. Masu wasan ma sun san da matsalar, shi ya sa a 2022 suka sa yanayin dusar ƙanƙara ya riƙa ƙara wa dodanninta rabin juriyar jiki.

In an matsa mini lallai sai na naɗa sarki, Ƙarfe zan naɗa, wanda Malam ya bari a tsakiya kamar ba kowa ba. Yana shanye rabin illar nau'o'i 10: Gama-gari, Ciyawa, Ƙanƙara, Fiffike, Ƙwaƙwalwa, Ƙwaro, Dutse, Diragon, Feyari da Ƙarfe kansa. Guba ba ta cinsa. Lagonsa uku ne, Wuta da Dambe da Ƙasa. Kafin 2013 har Fatalwa da Duhu yana shanyewa, sai aka rage masa don ya yi yawa, kuma duk da ragin ba wanda ya kamo ƙafarsa. Amfanin wannan a fage shi ne dodon Ƙarfe yana iya shigowa ya karɓi duka a madadin ɗan'uwansa sau da yawa a wasa ɗaya, kuma a wasan da ake ci da janyewa da turawa, wanda ya fi samun ƙofar shiga lafiya shi ke juya akalar faɗan. Duba kuma yadda yake gyara duk wanda aka haɗa shi da shi. Ƙwaro da Ƙarfe sun ba da Scizor, lagonsa ɗaya ne a duniya, Wuta. Fiffike da Ƙarfe sun ba da Corviknight da Skarmory, waɗanda girgizar ƙasa ba ta taɓa su. Fatalwa da Ƙarfe sun ba da Gholdengo, wanda Dambe ba ya cinsa. Sai dai ko wannan naɗin da sharaɗi nake yinsa, domin ranar da fagen ya cika da Wuta da Ƙasa, Ƙarfe zai koma neman mafaka. Kowane allazi da nasa amanu.

Na ga aikin jerin nan da idona bayan Sallah, lokacin da ciniki ya yi sanyi a Kwari, masu sayen kayan Sallah sun watse, yaran shago suna zaune a kan diloli suna jiran a kira su. Yaron shagon maƙwabcinmu, wanda bai daɗe da fara wasan ba, ya buɗe Pokémon Showdown a wayarsa, shi ne muka fi bugawa don ba ya cin data sosai, ya ƙalubalanci wani abokinsa mai gyaran waya a Sabon Gari. Ba a sa ko sisi a wasanmu. Wanda ya san cewa tun 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta yi magana a kan katunan Pokémon saboda kamarsu da caca zai gane abin da ya sa muke tsare wannan iyaka. Na leƙa tawagarsa: Garchomp, Dragonite, Salamence, Hydreigon, Dragapult, sai Charizard. Na ce masa, ƙanena, wa zai karɓar maka ƙanƙara? Ya ce, "Yaya, ai an rubuta, Diragon ne na ɗaya, Wuta ta biyu."

Ya fara da Garchomp, abokin ya turo Clefable, wata 'yar dunƙulalliya mai ruwan hoda, Feyari tsantsa. Yaron ya danna Outrage da ƙarfinsa, allo ya nuna masa harin bai ci ba. Ita kuwa ta yi amfani da wannan zagayen ta watsa duwatsun Stealth Rock a gefensa, waɗanda ke yankar duk dodon da ya shigo gwargwadon yadda Dutse ke cinsa. Ya janye ya turo Charizard, Wuta da Fiffike, kafin ya yi komai rabin jininsa ya tafi. Azumarill, Ruwa da Feyari, ta ƙarasa shi, ta juya kan Hydreigon wanda Duhu ne da Diragon, ninki huɗu, bugu ɗaya. Dragonite yana da baiwar rage rabin illa muddin jininsa a cike yake, amma duwatsun sun cire masa kashi ɗaya cikin huɗu tun a bakin ƙofa, baiwar ta tashi a banza. Mamoswine ya shigo da ɗan ƙaramin harin ƙanƙara mai riga kowa fita, ya share sauran. Yaron ya kifa wayar a kan dilar atamfa, ya ce shi wasan nan ba zai iya ba, gara ya koma ƙwallo. Wannan maganar ce ta dame ni, domin ba basira ya rasa ba. An ba shi taswirar da ba ta dace da garin ba, mu kuma da ma ba mu da yawan da za mu riƙa asarar sababbin shiga.

Malam ya zo Kwari ya tsayar da kowane ɗan kasuwa ya ce a jera masa shadda da atamfa da leshi da yadi daga mafi kyau zuwa mafi muni. Kafin a ba shi amsa za a tambaye shi na wa ne, kuma na yaushe. Mai haɗa lefe da mai ɗinka wa ɗalibai kayan makaranta ba abu ɗaya suke nema ba, wanda ya zo sari daga Maradi ya san abin da ke tafiya a can, shadda mai nauyi da ake rububi ana gobe Sallah kuma tana iya kwana a kanta a tsakiyar zafin Afrilu. Mai shagon da ya san aikinsa yana duba abin da layinsu ya cika da shi da abin da masu saye ke tambaya kafin ya yi oda. Haka gwanin Pokémon yake gina tawaga: yana duba dodannin da aka fi turowa a wannan kakar, ya nemo nau'in da zai tare su.

Shi ya sa ƙungiyar Smogon, wadda ta fi kowa suna wajen tsara rukunan gasar ɗaya-da-ɗaya, ba nau'o'i take jerawa ba. Dodanni take rarrabawa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon yawan amfani da su, kuma rabon yana sauyawa lokaci zuwa lokaci. Wuri ɗaya da jera nau'o'i ke da ma'ana shi ne rukunin Monotype, inda doka ta ce duka shidan su haɗa nau'i guda. Ko a can, abin da ake tambaya shi ne ko nau'in yana da dodannin da nau'insu na biyu zai toshe lagon sauran, kamar yadda mai tawagar Ruwa ke neman Ruwa da Ƙasa don ya tare Lantarki. Da Malam ya ce a kan wannan rukunin yake magana, da mun yi muhawara ta daban. Bai ce ba.

A kan Ƙwaro ya fi kusa da gaskiya, nau'o'i bakwai ne ke shanye harinsa, wannan nauyi ne babba. Duk da haka U-turn, harin da ke ba dodo damar ya duka ya fice a zagaye ɗaya, na Ƙwaro ne, kuma yana cikin dabarun da aka fi gani a gasa. Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiro wasan, daga kamun ƙwari da yake yi yana yaro tunanin ya zo masa.

Gasar duniya, wadda ake bugawa biyu-da-biyu, ta riga ta yanke wannan shari'a a gaban jama'a. A watan Agustan 2014 a birnin Washington na Amurka, Se Jun Park na Koriya ta Kudu ya ɗauki kofin manya da Pachirisu a tawagarsa, ɗan kuregen Lantarki mai maki 405. Aikinsa shi ne ya janyo hare-haren abokan gaba zuwa kansa, kuma da yake baiwarsa tana shanye Lantarki gaba ɗaya, sai ya zama garkuwa ga Gyarados da Talonflame waɗanda Lantarki ke ci. A wasan ƙarshe ya karɓi Draco Meteor na Salamence ya tsaya da ƙafafunsa. Akwai Garchomp a wannan tawagar, gaskiya ne, amma shi kaɗai ne Diragon a cikin shida, kuma abin da ya kai su ga kofi shi ne yadda kowanne ke rufe ɓarakar ɗan'uwansa. Babu jerin nau'o'i daga na 1 zuwa na 18 da zai nuna wa mutum ya ɗauki wannan kuregen.

Hujjata ta ƙarshe daga wasannin baya-bayan nan take. Scarlet da Violet, da suka fito a Nuwamban 2022, sun kawo dabarar Tera, wadda ke ba ɗan wasa damar sauya nau'in dodo ɗaya sau ɗaya a tsakiyar faɗa, zuwa duk nau'in da ya shirya masa tun farko. Wannan gwaji ne da ba a taɓa samun irinsa ba, domin an ba gwanaye zaɓi a fili su nuna nau'in da suke so su sanya in wuta ta yi wuta. Ƙarfe da Feyari da Ruwa, 'yan tsakiyar jerin Malam, suna cikin waɗanda ake yawan gudu zuwa gare su don tsira. Dragonite kuwa, babban Diragon na farko a tarihin wasan, sanannen shirinsa shi ne ya tuɓe Diragon da Fiffike ya koma Gama-gari. Da ya yi haka, ninki huɗun Ƙanƙara ya tafi, Feyari da Diragon sun daina ninka masa, Fatalwa ba ta cinsa, Dambe kaɗai ya rage masa lago, harinsa na Extreme Speed mai riga kowa fita kuma ya sami ƙarin rabi saboda ya zama irin nau'insa. Malam ya yi mana bayani a rubutunsa na gaba: me ya sa na ɗaya a jerinsa, in faɗa ya kai maƙura, yake komawa na 18 don ya ci wasa?